Shekarar da Na Ɗauke Fom Ɗina daga Teburin Farfesa

Ranar sadakar arba'in ɗin Farfesa Isiyaku ina zaune cikin mata a ƙarƙashin rumfa, lasifika a saman kaina, sai wani cikin masu jawabi ya shiga lissafa alheran mamaci har ya iso kaina. Ya ce ga Dakta Rakiya nan zaune, 'yar Agege, wadda ba don alƙalamin Farfesa ba da ko ƙofar jami'ar Turai ba ta gani ba. Mata suka juyo suna dubana suna gyaɗa kai. Ke Hadiza kina gefena, na ga kin yi murmushi, kina jin daɗi an ambaci uwarki. Na bar maganar ta wuce, don ba a gyara zance a gidan makoki. Amma da na dawo gida ko tuwo ban iya kallo ba. Mutumin ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, kuma ba ni da niyyar kai maganarsa kasuwa. Ku dai da kuka fito daga cikina, ba zan bar ku da wannan labarin ba. A waje ana cewa shi ya yi ni. A cikin dangi kuma ana cewa ni na yi masa rashin kunya, har na toshe wa Kawunku Kabiru hanyar arziki. Ba ɗaya a ciki da ya faru haka.

Kun san gidanmu na Agege, amma ba ku san shi yadda yake a da ba. Kakanku Alhaji Sani fata yake saye. Da sassafe yake zuwa mayanka ya kwaso ƙirgi da fatun awaki a hannun mahauta, a zube su a rumfar bayan gida a zuba musu gishiri, in sun taru a loda su a mota zuwa arewa wurin majema. Cikin warin nan muka tashi har muka daina jin sa, sai dai baƙo ya shigo mu ga yana neman inda zai sa hancinsa. Baba kansa a Agege aka haife shi, ubansa ne ya zo da fataucin goro ya zauna. A cikin gida Hausa muke yi, da mun taka bakin titi sai Yarabanci, Inna kuwa in ranta ya ɓaci duka biyun take haɗawa ta zuba mana. Ban taɓa ɗauka wannan aibi ba ne sai shekarar da nake ba ku labari.

A jami'a ilimin ƙwayoyin cuta na karanta. Da aka zo aikin shekarar ƙarshe, na zaɓi abin da na tashi ina gani: me ke sa ƙirgi ruɓewa da damina ko da an ba shi gishiri. Malamar da aka ba ni ta duba aikin ita ce Dakta Folake, Bayarabiya, siririya, ba ta da yawan dariya. Ba farfesa ba ce, ofishinta ma wani ɗan lungu ne kusa da ɗakin gwaji. Ta ba ni wuya ƙwarai. Ba sau ɗaya ba ta zubar mini da aikin makonni ta ce in sake, don kwanon gwajina bai yi tsabtar da take so ba. Na sha kuka a bayan ginin nan. Amma ita ce ta taɓa hawa danfo, motar hayar Legas, ta zo har rumfar Baba, lokacin ya tafi arewa, ta tsuguna cikin ruwan gishiri tana nuna mini inda zan yanko samfuri. A duk faɗin Legas ba wanda ya san abin da hannuna zai iya da wanda ba zai iya ba kamarta.

Bayan na gama bautar ƙasa na leƙa makaranta, sai na ga sanarwa a allo: gurbin karatun digiri na biyu a wata jami'a a Turai, su biya kuɗin makaranta, su ba da masauki. Na rubuta musu, suka aiko da fom. Ana neman shaidu biyu. Ɗaya daga inda na yi aiki, wannan oganmu na ɗakin gwajin asibiti ya cika mini ba gardama. Ɗaya kuma daga malami, kuma ita ce mai nauyi. Shafi guda ne a cikin fom ɗin, malamin zai cika da hannunsa, ya sa a ambulan ya manne ya sa hannu a bakin. Shafin ɗaya ne tak, ba sa karɓar kwafi. A samansa an rubuta ƙarara cewa wanda ya koyar da ɗalibi ya kuma san aikinsa shi ake so. Ni ban ga abin shawara a nan ba. Na faɗa wa Baba ne kawai don ladabi, bayan sallar magariba, yana zaune a tabarma Inna tana zuba masa abinci, Yaya Kabiru yana bakin ƙofa.

"Wa zai tsaya miki?" in ji Baba.

"Malamata, Baba. Dakta Folake."

"Wace ce ita? Wa ya san ta?"

"Ita ta san ni."

Ya ajiye cokali. Ya ce in saurara. Ya ce shekara da shekaru yana aika kaya arewa ga mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba, kuma abin da ke sa a karɓi kayanka shi ne nauyin wanda ya ce ya san ka. In ƙaramin mutum ya tsaya maka, kai ma ƙarami za a ɗauke ka. Ya ce Allah ya kawo mana farfesa guda, Bahaushe, yana sallar Juma'a a masallacinmu, sannan in tsallake shi in kai takardata wa wata mata a lungu?

"Alhaji," in ji Inna, "ai matar nan ita ta sha wahalar yarinyar."

"Ki bar zancen da ba ki sani ba."

Ina so ku gane, kakanku ba wawa ba ne. Abin da ya faɗa gaskiya ne a kasuwarsa. Kuma akwai wani abu da bai faɗa ba amma kowa a ɗakin ya sani: Farfesa ya yi wa Yaya Kabiru alkawarin aiki a hukumar da aka kawo shi Legas ya shugabanta. Duk wata hanya da za ta ƙara kusanta gidanmu da gidansa, Baba yana son ta. Na ce masa Farfesa fannin mulki ya karanta, bai taɓa shiga ajinmu ba, bai san ko da hagu nake riƙe alƙalami ba. Yaya Kabiru ya ce Turawa suna ganin kalmar farfesa magana ta ƙare. Aka rufe zancen a nan. Na bi, don ban saba musu da ubana ba.

A unguwar Ogba Farfesa yake, gida mai bene da maigadi. Ni da Baba muka je, da ƙullin nama a leda. Aka bar mu a baranda har ƙafata ta yi tsami, sannan aka ce mu shiga. Babban mutum ne mai kyan sura, muryarsa a hankali, irin waɗanda in suna magana sai ka ji kamar suna yi maka alheri. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni abin da na karanta, na shiga bayani, ban ankara ba na ce "abi" a tsakiyar magana, kamar yadda duk ɗan Agege yake yi. Ya yi dariya ya dubi wani baƙo da ke zaune kusa da shi.

"Ka ji Hausar 'yan Ikko." Sai ya juya wajen Baba. "Alhaji, ku 'yan wace jiha ce ma?"

"Asalinmu ƙasar Kano, ranka ya daɗe. Amma a nan aka binne cibiyarmu."

"To, to. Babu laifi. Kawo takardar, yarinya."

Na miƙa da hannu biyu. Bai karanta ba. Ya ɗora ta a teburin gefensa, ya ce in dawo. Baba ya yi ta godiya har muka fita ƙofa, a hanya kuma yana ce mini, kin gani ko, manya ba sa wahalar da mutum.

Daga nan na fara zarya. Damina ce, hanyar Ogba ta cika da ruwa, danfo ya tsaya cak a cunkoso kwandasta yana zagin direba. In isa zanina a jiƙe, maigadi ya ce oga ya yi tafiya. Wani zuwan yana hutawa. Wani zuwan yana da baƙi daga arewa, in zauna a baranda ina jin ƙarar kofuna da dariya har a kira la'asar. In na samu ganinsa ya ce, "Ban manta da ke ba, yarinya, ayyuka ne." In na dawo gida na ce wa Baba lokaci yana ƙurewa, ya ce haƙuri ake yi da manya. Ranar rufe karɓar takardu kuwa tana matsowa, ga shi sai an aika ta jirgi ta tsallake teku.

Da ya rage kwanaki kaɗan na je na ce wa maigadi ba inda za ni sai na gan shi. Aka shigar da ni. Shi kaɗai ne, yana karanta jarida. Ya nuna mini ƙasa na zauna, ya cire tabarau, ya yi mini magana cikin taushi, kuma taushin nan shi ne har yau yake ci mini rai.

"Zan gaya miki gaskiya, don ubanki mutumin kirki ne. Gurbin nan na riga na rubuta wa wani yaro, ɗan ƙanwata, daga gida. Ba zai yi kyau su ga hannuna a takardu biyu ba. Kuma irin waɗannan guraben, in dai Bahaushe zai samu, to a bar wa 'yan gida. Ku nan makarantu a ƙofar ɗakinku suke. Ki bar takardar a nan, baɗi ma rana ce."

"Ranka ya daɗe, tun yaushe aka rubuta masa?"

"Tun kafin azumi."

Mu kuwa bayan ƙaramar salla muka fara zuwa. Wato ranar da ya karɓi takardata, ranar da ubana ya yi ta sunkuyar da kai yana godiya, ya riga ya san ba zai rubuta ba. Da ya ce mana a'a a ranar, da wallahi ba ni da abin faɗa, alƙalaminsa ne. Amma ya riƙe ta. Ya bar ni ina ta shan ruwan sama a hanya, yana jiran ranar ta wuce, don ɗan ƙanwarsa ya rage abokin takara guda.

"To a ba ni takardata," na ce.

"Na ce ki bar ta a nan."

Ya mayar da tabarau ya ɗaga jarida, wato an sallame ni. Ina hango kusurwar shafin a ƙarƙashin tarin jaridun da ke teburin. Na miƙe, na ɗaga jaridun, na zaro ta. Akwai da'irar gindin kofin shayi a kanta. Na mayar da jaridun yadda suke, na durƙusa na ce, "Na gode, ranka ya daɗe," na fita. Wannan ita ce rashin kunyar da kuka ji ana faɗa. Ban ɗaga murya ba, ban fizge komai daga hannunsa ba. Abin da yake nawa na ɗauka.

A bakin titi na tsaya ina maimaita kalmarsa. 'Yan gida. Lokacin da muke makaranta, in aka zo rabon tallafin ɗalibai a nan, sai a dubi sunan ubana a ce in je jiharmu. Na ɗauka to, can ɗin akwai inda ake lissafa mu. Yau ga mutumin can ɗin yana shaida mini cewa a can ma ba a san da mu ba. Naman mahautanmu yana da daɗi a tukunyarsa, gaisuwar dattawanmu tana da daɗi a kunnensa, sahunmu na Juma'a ya isa a ba shi gaba, amma in an zo rabo sai mu koma 'yan Ikko masu gurɓatacciyar Hausa.

Ban koma gida ba. Na wuce makaranta, na tarar malamai suna yajin aiki, ofishin Dakta Folake a kulle. Wata sakatariya ta kwatanta mini gidanta a Isolo, bayan wasu masana'antu. Na same ta a tsakar gida da ɗaurin ƙirji tana shanya kayan yara. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta karɓi shafin, ta duba ranar rufewa, sannan ta sa yatsa a kan da'irar shayin. Da Yarabanci muke magana ni da ita in ba a aji ba.

"Wa kika fara kai wa?"

Na faɗa mata komai, ban rage ba.

"Ya taɓa ganin aikinki?"

"A'a, Ma."

"Kin iya karatu, Rakiya. Me aka rubuta a saman shafin nan?"

Ta yi mini faɗa sosai, irin wanda ta saba, kuma a ranar faɗan nan ya fi mini duk taushin da na ji a Ogba. Ta ce kada in sa ran yabo, abin da ta gani za ta rubuta, har da yawan makarata. Ta zaunar da ni a benci, ta sa na sake faɗa mata abin da na gano a aikina tun daga farko, da abin da nake so in je in koyo, tana katse ni tana cewa ban fayyace ba. Sai da ta gamsu ta shiga ɗaki. Babu wuta, a bakin taga ta zauna ta cika shafin da biro, ta ƙara wata takarda a baya don wurin bai ishe ta ba. Ta manne ambulan ta sa hannu. Har yau ban san abin da ke ciki ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Washegari na aika.

Labari ya riga ni isa gida. Farfesa ya aiko direbansa ya kawo ƙarata wurin Baba, kuma ranar Juma'a ya faɗa wa dattawa a ƙofar masallaci cewa 'yar Alhaji Sani ta shigo masa ɗaki ta watsa masa takardu ta fizge fom, alhali yana shirin cikawa. Baba ya dawo ko babbar riga bai cire ba ya sa aka kira ni. Na durƙusa na maimaita masa abin da Farfesa ya ce, kalma bayan kalma, har da kafin azumi, har da 'yan gida.

"Farfesa ba zai faɗi haka ba," in ji shi.

"Baba, ni zan yi maka ƙarya?"

"Ban ce kin yi ƙarya ba. Na ce ba zai faɗi haka ba. Tashi ki ba ni wuri."

A duk abin da ya faru a shekarar, ba abin da ya yi mini zafi kamar wannan. Mutumin da ya san ni tun ina cikin zani ya auna maganata da ta wanda ya sani a sahun Juma'a, tawa ta yi sauƙi. Yaya Kabiru kuwa a soro ya tare ni, idanunsa jajur, ya ce na kashe shi, don son kaina na rushe abin da ya daɗe yana ginawa.

Bari in tsaya a kan Kawunku, don a nan dangi suka fi cin amanata. Ina ƙaunarsa, shi ya riƙa goya ni ya tsallakar da ni layin dogo zuwa makarantar allo. Amma alkawarin aikin nan ya tsufa tun kafin in ga sanarwar. Duk Asabar yana Ogba yana wanke wa Farfesa mota, yana kai matarsa kasuwa, yana dawowa da "ana nan ana dubawa". A gabansa aka ɗauki yara daga arewa aiki a hukumar, rukuni bayan rukuni. Abin da aka yi mini a wata biyu shi ake yi masa a shekaru, bambancin kawai ni an gaya mini a fuska. Daga baya ya bi wani abokinsa zuwa unguwar Ojo, ya kama sayar da rediyo da talabijin na hannu a kasuwar Alaba, ya yi aure, ya gina gida. Duk da haka har ya koma ga Allah, in hira ta yi hira, sai ya ce da yanzu shi darakta ne ba don Rakiya ba. 'Ya'yansa sun gaji maganar. Na gaji da ɗaukar laifin ƙofar da ba a taɓa niyyar buɗewa ba.

Watanni Baba ba ya amsa mini gaisuwa sai da "to". A mayanka abokansa suna yi masa jaje kamar an yi masa mutuwa. Matan unguwa suna cewa boko ne, ga abin da yake jawowa, yarinya ta bar Musulmi ɗan'uwanta ta kai kanta wa Bayarabiya mai zuwa coci. Inna ce kawai take shigowa ɗakina ta ajiye mini kwano, ta ce in ci, ba a fushi da abinci.

Sai amsa ta zo: an ɗauke ni. Kafin in gama murna labarin ya juye a unguwa. Wai Farfesa ya yi halin manya, ya yafe, ya ɗaga waya ya yi magana da Turawan. Dattawa suka taru suka yi masa godiya a ƙofar masallaci, shi kuma ya karɓa, ya ce ai yaranmu ne. Baba ya sayo cinyar sa guda, ya ce in shirya za mu Ogba in ba da haƙuri in yi godiya. Na ce ba zan je ba. Karo na farko ke nan da na ce wa ubana haka. Inna ta ja ni ɗaki.

"Ba don shi za ki je ba," in ji ta. "Ubanki ya kasa ɗaga kai a cikin mutane. Ki je ki durƙusa, gwiwa ba ta ƙarewa."

Na je. A wannan karon ba a bar mu a baranda ba. Na durƙusa, Baba ne ya yi ta magana a madadina. Farfesa ya ɗaga hannu yana murmushi.

"Ya wuce, Alhaji. Ƙuruciya ce. Ni dai na ba ta shawara tun a lokacin, na ce gurbin na 'yan gida ne, ta bari sai baɗi. Amma ku mutanen Ikko kun koyi zafin nema a wurin Yarabawa. Ga shi yaron namu bai samu ba, ita ta samu. Rabo ke nan."

Bai ma san ya faɗi wani abu ba. Na ɗago na dubi Baba. Yana zaune a kan kafet, hannuwansa a gwiwa, hannuwan nan da gishiri ya tsattsage.

"'Yan gida, ranka ya daɗe?"

"'Yan arewa, Alhaji. Ai ka gane."

"Na gane," in ji Baba.

Ya yi sallama yadda ya kamata, bai rage ko kalma ɗaya ta girmamawa ba. Muka fito muka tsaya a bakin titi. Danfon Agege ya zo kwandasta yana kira, na ɗaga ƙafa zan shiga, na ga Baba bai motsa ba. Motar ta tafi. Wata ta zo ta tafi. Yana kallon kwalta.

"A ina matar nan take?"

"Isolo, Baba."

"Mu je."

A hanya bai ce mini komai ba sai abu ɗaya da yake ta maimaitawa shi kaɗai, wai ga shi za mu hannu rabbana, naman ya tafi inda ya tafi. A Oshodi na ce ko mu sayi biredi, ya ce ba a kai wa malami biredi. Muka same ta tana duba takardun ɗalibai. Baba ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa, ya gaishe ta da Yarabancin da ya fi nawa tsabta, sannan ya rusuna. Dattijo mai furfura, ita kuwa ba ta wuce sa'ar ƙanwarsa ta ƙarshe ba. Ta rikice, ta zube a gwiwa ita ma, tana roƙonsa ya tashi.

"Na ɗauki 'yata na kai wa wanda bai san ta ba," in ji shi, "na tsallake wadda ta san ta. Kuma na zo miki ba komai a hannu."

"Baba, ku tashi, don Allah. Aikin Rakiya ne ya tsaya mata. Ku dai gaya mata can ba a makara."

Ta kawo masa ruwa. Sai ta tambaye shi wane irin gishiri yake amfani da shi da damina, kuma ko yana sake amfani da wanda ya zube a ƙasa. Baba ya gyara zama. Suka shiga zancen ƙirgi, shi yana faɗin abin da ya gani, ita tana faɗin dalili, suna gardama, ni ina gefe kamar ba don ni aka zo ba. Sai da ya nemi buta da wurin salla sannan muka san yamma ta yi.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya gyaru. Baba bai taɓa tsayawa a ƙofar masallaci ya ce ga yadda aka yi ba. Ya daina aika nama Ogba, ya daina matsawa sahun gaba, amma in aka yabi Farfesa a gabansa kan maganata sai ya yi shiru ya ja carbi. A unguwar zai ci gaba da zama, kuma ɗansa na fari yana nan yana jiran aiki. Na san dalilansa. Sanin bai hana ni jin haushi ba, kuma wani lokaci har yanzu ina ji. Bai kuma taɓa ce mini ki yi haƙuri ba, irinsu ba sa faɗa wa 'ya'yansu haka.

Da muka sauka a Agege ranar, muna tafiya gefen layin dogo, yana gaba ina baya, sai ya rage sauri har na iso shi.

"An ce sanyin can yana kashe mutum," in ji shi. "Gobe ba zan je mayanka ba. Ki tashi da wuri."

Washegari ya kai ni wurin masu gwanjo. Ya ƙi duk rigar sanyin da na nuna. Da kansa ya riƙa shafa su yana murzawa tsakanin yatsu, yana juya cikinsu waje yana duba ɗinki, kamar yadda yake duba fata, har ya zaɓo wata baƙa mai nauyi, ta maza, hannuwanta sun wuce yatsuna. Na ce ta yi mini yawa. Ya ce in sa. Na sa ta a tsakiyar kasuwa, cikin zafin Legas, gumi yana bin bayana, masu kaya suna dariya. Ya tsuguna a gabana ya naɗe mini hannuwan, ɗaya bayan ɗaya, ya sa mini maɓallan har wuya, ya ja da baya ya dube ni.

"Wannan za ta riƙe ki," in ji shi.

Ita na sa har na gama karatun.